Barkono Ke Ciyar Da Mai Jiran Itace

Ƙannena samari da 'yan mata na Ƙofar Wambai da sauran unguwannin cikin garin Bauchi, akwai tsirrai biyu da nake so ku duba da idon basira, domin a tsakaninsu akwai darasin yadda za ku raba ƙarfinku da lokacinku tun kuna da su. Na farko kun san shi farin sani, wato barkono da 'yan'uwansa attarugu da tattasai da shambo. Babu gidan da ake ɗora tukunya babu shi, kuma masar Bauchi da ake yabo ko'ina ba ta cika sai da yaji a gefe. Na biyu shi ne itacen fain, dogon itace mai ganye siriri kamar allura, wanda da yawanku ba ku taɓa tsayawa a gindinsa ba, sai wanda ya hau tudun Jos ya kai wajejen Miango, ko ya ratsa gandun daji na Afaka kusa da Kaduna. Barkono yana ba da amfani cikin watanni amma yana neman a leƙa shi kullum. Fain ba ya neman leƙen kullum idan ya kafu, amma sai an yi shekaru ashirin ko fiye kafin a ga katakonsa. Maganata ɗaya ce: mutum yana buƙatar aiki iri biyu a rayuwarsa, na kusa da na nesa, kuma na kusa ne ke ɗaukar nauyin na nesa. Wanda ya auna ɗaya da mudun ɗayan, ko ya kula da su kulawa iri ɗaya, zai wayi gari babu miya babu inuwa.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne dukkansu baƙi ne a ƙasar nan, kuma daga ɓangare ɗaya na duniya suka fito. Asalin barkono nahiyar Amurka ce, inda mutanen Meziko da na yankunan kudu suka fara nomansa kimanin shekaru 6,000 da suka wuce. Bai ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, daga nan jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka da Indiya, fatake kuma suka shigo da shi cikin ƙasa. Kafin zuwansa masoro da kimba da citta ne ke ɗumama miyar kakanninmu. Shi kuwa fain, iyalinsa sun haura nau'i 100, kusan dukkansu na arewacin duniya ne, kuma babu ko ɗaya da asalinsa Afirka ta Yamma ne. Wanda aka fi dasawa a Najeriya daga yankin Karebiyan da Amurka ta Tsakiya aka kawo shi, masana gandun daji suka yi ta gwada shi, musamman bayan an kafa tashar binciken itatuwan yankin sabana a Samaru ta Zariya a 1964. Akwai wani itace da kuke gani a harabar tsoffin makarantu da gidajen gwamnati, mai siraran rassa da ke yin fito idan iska ta kaɗa, ana ɗaukarsa fain alhali kasuwarina ne, ɗan asalin Ostireliya da gaɓar tekun kudu maso gabashin Asiya. Barkono da fain dai baƙi biyu ke nan, ɗaya ya shiga kowane gida har mun manta baƙo ne, ɗayan ya tsaya a gandun gwamnati. Dalilin wannan bambanci yana cikin halin kowannensu.

Mu fara da barkono. Ƙwayarsa 'yar mitsitsiya ce, ba a binne ta da zurfi, kusan santimita 1 ya isa. Ana yafa ta a gadon reno mai laushin ƙasa, a yi mata rumfar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, ta tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Bayan mako biyar ko shida, idan ta yi ganye huɗu zuwa shida, sai dashe. Ku lura da yadda gwanin lambu ke yin dashe. Ba ya yi da rana tsaka, sai la'asar ta yi sanyi. Ya jiƙa gadon tukuna don kada saiwa ta tsinke, ya ɗago tsiron da 'yar ƙasar da ke manne da shi, ya sa a rami, ya danna gefe da yatsu biyu, ya ba shi ruwa nan take. Washegari tsiron zai yi laushi ya sunkuyar da kai, bayan kwana uku ko huɗu ya miƙe. Daga nan wata biyu zuwa uku sai tsinka, attarugu ya ɗan fi jinkiri, kuma idan an kula ana iya shafe makonni ana tsinka. Amma saiwarsa ba ta nisa, don haka ƙishirwar kwana kaɗan a cikin zafi tana karkaɗe furensa, ruwan da ya kwanta a gindinsa kuma yana ruɓar da saiwar. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Bauchi ke doshin maki 40 a ma'aunin zafi, yana sa fure ya zube tun bai ƙulla ba. Darɓa da farin ƙuda suna laɓewa a bayan ganye, su ne ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganye, wadda idan ta kama babu magani sai tumɓukewa. Wanda ba ya juya ganye ya duba bayansa ba zai sani ba sai aikin gama ya gama.

Ƙanƙantarsa kuma ba ta rage masa daraja ba. Zafin da kuke ji wani sinadari ne mai suna kafsaisin, kuma ya fi taruwa a farin jijiyar cikin barkono da ƙwayoyin ke manne da ita. Tsuntsu ba ya jin wannan zafi, shi ya sa yake ci ya kai ƙwayar nesa ya yar, dabba mai haƙoran niƙa kuwa, wadda za ta lalata ƙwayar, zafin yana korarta. Ruwa ba ya narkar da sinadarin, nono da madara ne ke kwantar da shi. A 1912 wani masanin haɗa magunguna na Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin zafin barkono, inda irin attarugu ke kaiwa maki 100,000 zuwa 350,000, tattasai kuwa yana can ƙasa. Daga jan tattasan garin Szeged na ƙasar Hungari Albert Szent-Györgyi ya samu bitamin C mai yawa a binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1937. A 2021 ma David Julius ya samu rabon wannan lamba saboda ya yi amfani da sinadarin barkono wajen gano yadda jikin mutum ke jin zafi. Na kawo waɗannan ne don kada wani a cikinku ya raina ƙaramar sana'a mai kawo kuɗin cefane. Abin da ke ciyar da gida yau yana da nasa ilimi da nasa mutunci.

Fain kuwa halinsa daban. Idan ka tsinko ganyen wanda ake dasawa a nan ka duba, za ka ga allurai uku-uku a ɗaure da wani siririn kube a gindi, kowace da santsi mai hana ruwa tsiyayewa daga jikinta, idan ka murza kuma ka ji ƙamshin ƙaro. Da wannan ƙaro yake toshe rauninsa ya kori ƙwari, daga gare shi kuma ake tace man da masu fenti ke sirkawa. Ba ya yin fure mai jan ƙudan zuma, iska ce ke ɗaukar garin haihuwarsa daga reshe zuwa reshe, kuma a yawancin nau'o'insa ƙunshin 'ya'yan mai ɓawo-ɓawo yana kusan shekara biyu kafin ya nuna ya saki ƙwaya. Komai nasa a hankali yake tafiya. A duwatsun Kalifoniya akwai wani fain da masana suka ƙirga shekarunsa suka haura 4,800, yana nan da rai. Wanda ake dasawa a nan ba ya kai haka, amma ko shi sai ya yi kimanin shekaru 15 kafin a sare shi don yin takarda, 25 zuwa 30 kafin ya isa injin yanka katako. Wahalarsa a farko take. Ana renonsa a leda watanni, a dasa da faɗuwar damina da tazarar kusan mita 3, a yi ta nome masa ciyawa shekara biyu ko uku, a share masa hanyar tare wuta kafin hunturu, domin gobarar daji ta yini ɗaya tana cinye aikin shekara biyar. Idan ya wuce wannan mataki, saiwarsa ta nutsa, sai ya riƙe kansa, ba ya neman kowa ya kawo masa ruwa a bokiti.

Akwai wani sirri a renonsa da ya wahalar da masana shekaru da yawa. A ƙasashe masu zafi da dama an shuka ƙwayar fain ta tsiro lafiya, sai ta tsaya cak, ta yi rawaya, ta mutu, an ba ta taki an ba ta ruwa duk a banza. A tsibirin Puerto Rico an daɗe ana wannan asara, sai a 1955 da aka ɗebo ƙasa daga gindin tsoffin itatuwan fain na jihar North Carolina ta Amurka aka zuba wa ƙananan, suka farfaɗo suka kama girma. Abin da ke cikin wannan ƙasa wani nau'in fumfuna ne mai amfani, ɗan'uwan naman kaza. Idan aka tono saiwar fain mai lafiya za a ga fararen zare sun lulluɓe ƙananan saiwoyin. Zaren nan ne ke kutsawa cikin ƙasa ya jawo wa itacen ruwa da sinadaran abinci, itacen kuma ya biya shi da zaƙin da ganyensa ke haɗawa. Shi ya sa masu reno ke haɗa ƙasar leda da 'yar ƙasar gindin tsohon itace. Ku riƙe wannan da kyau, ƙannena. Aikin kusa ana iya fara shi da kallo da kwaikwayo, amma aikin nesa ba ya kamawa sai an ɗebo daga wurin wanda ya riga ka. Haddar Alƙur'ani, karatun likita ko na shari'a, gyaran inji, kafinta, ɗinkin da ya amsa sunansa, babu wanda ake kaiwa ƙarshensa ba tare da an durƙusa gaban malami ko maigida ba. Waya tana nuna maka yadda ake yi, amma ba ta ganin kuskuren hannunka balle ta gyara.

Idan aka jera kulawar biyun sai a ga abin da ke raya ɗaya yana iya kashe ɗayan. Barkono yana son ƙasa mai ƙarfi da ruɓaɓɓen taki, ko da yake idan aka cika masa takin yuriya sai ya yi ta ganye ya manta da 'ya'ya. Fain yana rayuwa a jigawa mai ɗan tsami wadda ba ta riƙe ruwa, toka da ake zuba wa wasu shuke-shuke tana rage tsamin da yake so. Barkono yana son hannu: in an tsinke kan tsiron sai ya yi rassa, in ana tsinkar 'ya'yan a kan kari sai ya ƙara fure. Fain kuwa in aka karya masa tsinin kai ya rabu biyu ko ya karkace, katakon da ake jira ya lalace tun yana yaro, kuma yawancin nau'o'insa in an sare gindin ba sa sake toho. Barkono ba ya son a maimaita shi a wuri ɗaya, ko a sa shi inda aka cire tumatir ko gauta ko dankalin Turawa, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Fain kuwa inda aka dasa shi nan zai ƙare rayuwarsa, kuskuren zaɓen wuri ba ya gyaruwa. To haka ayyukanku suke. Teburin shago, ko kekenapep, ko sayar da kati da data, ko soya awara a ƙofar gida, suna son a duba su kullum, a ƙirga, a sauya dabara idan kasuwa ta juya. Karatu da koyon sana'a da gina sunan amana kuwa suna son a zaɓa da natsuwa sau ɗaya, a tsare su daga abin da zai ƙone su, a daina tono su ana duba ko sun yi saiwa. Yaron da ya sauya maigida uku cikin shekara ɗaya saboda bai fara samun kuɗi ba ya yi wa itace kulawar barkono. Wanda ya buɗe shago ya bar wa yaro mako guda bai leƙa ba, yana cewa haƙuri ake yi, ya yi wa barkono kulawar itace.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da fain, itacen da ba ya ba da 'ya'yan ci, kuma ba lallai ya yi kyau a Bauchi ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ce. Bauchi tana kan tudun da bai wuce kimanin mita 600 ba, Jos kuwa ta kai kusan 1,200, da sanyi da ruwan sama fiye da namu. Ruwanmu kusan milimita 1,000 ne a shekara, yana zuba tsakanin Mayu da Oktoba, sai rani mai tsawo ya biyo baya, wanda ke gajiyar da fain. Ganyensa da ke zuba yana hana ciyawa fita a ƙarƙashinsa, yana kuma kama wuta da sauri. A Afirka ta Kudu ma fain da aka kai ya bazu cikin duwatsu yana shanye ruwan rafuka, har gwamnati ta kafa shiri a 1995 na sare irin waɗannan baƙin itatuwa. Don haka ba na ce ku cika Ƙofar Wambai da fain ba. Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. Dogon yaro ma baƙo ne daga Indiya, an kawo shi Barno a 1928, ya dace da ƙasar, yau shi ne inuwar titunanmu. Abin nesa sai an tambayi dacewarsa da wuri kafin a sa shi a rami, saboda asararsa ta shekaru ce. Mu a nan maɗaci da tsamiya da ɗorawa da kuka da mangwaro su ne za su tsaya a matsayin fain, kaɗanya ma da ke ɗaukar shekaru 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Haka nan kada ka zaɓi fannin karatu ko sana'a don ka ga ta yi wa wani kyau a Abuja ko a Facebook. Ka duba halinka, da ƙarfin gidanku, da abin da mutanen garinku ke nema su rasa.

Wani kuma zai ce, mai jin yunwa ba ya jiran shekara ashirin, wa'azin haƙuri na masu ƙoshi ne. Ban raina wannan ba, domin akwai matasa da yawa da su ke sayen garin tuwo a gidajensu, ga kuɗin makarantar ƙanne, ga maganin tsohuwa. Amsar ita ce masu dashen itace sun daɗe da gano cewa jira kaɗai ba ya raya gandu. Akwai tsarin da aka faro a ƙasar Bama a ƙarni na 19, ana kiransa taungiya, aka kawo shi Najeriya a 1927 a Sapoba da ke jihar Edo ta yau. Ana ba manomi fili a cikin gandun gwamnati, ya shuka doya da masara da kayan miya a tsakanin layukan ƙananan itatuwa. Noman da yake yi wa abincinsa shi ne noman itacen, tsaron da yake yi wa gonarsa daga wuta da dabbobi shi ne tsaron itacen. Bayan shekara biyu ko uku, idan rassa suka haɗe inuwa ta rufe, sai ya matsa gaba. A ƙasar Maraɗi ma, tun daga 1983 da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya fara aiki da manoma, ba a ce wa kowa ya bar gero ya jira itace ba. An ce ne idan ana sassabe a bar toho mafi ƙarfi a kan kututture, a rage sauran, a ci gaba da noma a gefensa. Manoma suka kira shi sassabin zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo na ƙara wa gero ƙarfi. Ɗalibin da ke gyaran waya da yamma ya biya kuɗin rajista a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko yarinyar da ke yin ƙunshi da kitso tana karatun jinya, wannan tsari suke bi. Sharaɗin kawai shi ne a san wanne ke yi wa wanne hidima, kada ribar yau ta yi daɗi har a tumɓuke itacen don a faɗaɗa fangalin barkono.

Akwai kuma masu cewa barkono kaɗai ya isa, tunda kuɗin da ke juyawa sau uku a shekara ya fi wanda ke kwance shekara ashirin. Wanda ya san kasuwar Muda Lawal ya san amsar. Idan kayan lambu suka fito gaba ɗaya, motoci suka sauke, kwanduna suka yi layi, dillali ne ke yanka farashi, manomi kuma ba shi da bakin musu domin ɗanyen attarugu ba ya kwana da yawa, na ƙasan kwando ya fara ruwa tun kafin azahar. Idan kaya suka yanke, kamar yadda aka gani a tsakiyar 2024 lokacin da tumatir da attarugu suka gagari talaka a faɗin ƙasar nan, farashi ya hau amma yawancin manoma ba su da abin sayarwa. Mai dabara yana shanya wani kaso a kan tabarma ko leda mai tsabta, ba a kan kwalta ko tsurar ƙasa ba, ya adana inda babu laima don kada fumfuna mai guba ta kama, ya fitar lokacin tsada. Ko wannan dabara jira ce. Ƙasa ma tana iya yin kuskuren mai son na kusa kaɗai. Najeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Takarda mai ƙarfi tana buƙatar dogon zaren itace irin na fain, gandun da aka dasa kuma bai kai ya wadatar ba, sai aka dogara da shigo da shi daga waje da kuɗin ƙetare. Wannan na daga cikin dalilan da suka durƙusar da su a shekarun 1990. Ana iya kafa inji cikin shekara uku, amma babu kuɗin da zai sa itacen shekara 15 ya girma cikin uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfin da kake tuƙa babur da shi yini guda ba zai kai ka shekara sittin ba, sai abin da ka dasa tun kana da ƙarfin.

Saura masu cewa mu 'yan cikin gari ne, gida ya cika, babu fili. Barkono bai nemi gona ba. Tsohon buhun siminti da aka wanke, ko bokitin da ya fashe, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ajiye inda rana ke samu aƙalla awa shida, a kare shi daga kaji da awaki, ya isa. Buhu biyar a tsakar gida suna rage wa uwa kuɗin cefane, suna kuma koya wa yaro abin da ba a koya a allo, wato tashi da safe a duba abin da ke hannunka. Itace ne ke da sharaɗi. Kada a dasa babban itace a jikin katanga ko kusa da masai da rijiya, kada a dasa a filin da ba a san mai shi ba. Amma akwai harabar makaranta, da ƙofar masallaci, da maƙabarta, da bakin titi idan an nemi izinin mai unguwa da hukuma. Bauchi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Sai dai kowa ya ga yadda ake bikin dashe da damina, a ɗauki hoto, a watse, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da tsiron. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya da zai ce wannan nawa ne, ya kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, ya ba shi ruwa rani biyu. Unguwar Ƙofar Wambai ma sunan ƙofa take ɗauke da shi, ɗaya daga ƙofofin ganuwar da aka kewaye garin da ita bayan Malam Yakubu ya kafa shi a 1809, ganuwa mai zagayen kusan kilomita 10. Waɗanda suka ɗauki ƙasar gininta a ka suna noma abincinsu kowace damina, kuma hakan bai hana su aikin da jikoki za su mora ba.

Idan zuciya ta raya maka cewa ƙila ba za ka kai lokacin cin amfanin ba, ka tuna rai a hannun Allah yake, ko barkonon wata uku babu wanda ya ba ka tabbacin tsinkarsa. Tsamiyar da kuke hutawa a ƙarƙashinta, wanda ya bar ta ta girma bai san sunayenku ba. Malamai sun karantar da mu, daga hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Hadisin ya haɗa dashe da shuka a wuri ɗaya, bai ware mai itace ya bar mai lambu ba.

Saboda haka, ƙannena, kowannenku ya zauna ya amsa wa kansa tambaya biyu. Mene ne barkonona, abin halal da zai kawo mini na sabulu da na cefane cikin watannin nan, kuma ina leƙa shi kullum, ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita? Mene ne itacena, abin da na yarda in ba shi shekara goma ban ci ribarsa ba, ya dace da ni da garinmu, kuma wane dattijo ko malami ko maigida zan ɗebi ƙasar gindinsa? Wanda ya rasa amsar farko ya fara da ita a makon nan, komai ƙanƙantarta, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya rasa ta biyu ya nemi shawarar iyaye da malamai kafin shekara ta juyo, ya ware wani kaso na ribar yau, da wasu awanni na kowane yini, waɗanda ba ya taɓawa sai don ita. Shekarun da ke tsakanin 15 da 30 su ne daminar dashe, kuma itacen da aka sa a rami bayan ruwa ya ɗauke wahalarsa ninki ce. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku ci na kusa da lafiya, Ya nuna muku na nesa.